Kwas Ɗin da Ya Ƙi Haddatuwa

A kwanakin zaman makokin ɗana Ridwan, kusan duk wanda ya shigo zaure ya yi mana gaisuwa sai ya ƙara da cewa, "Ai yaron nan kwamfuta a kansa take." Wani ya ce an yi asarar injiniya. Wani dattijo daga Dabawa, wanda na tabbata bai taɓa sa shi a ido ba, ya ce ya ji har Turawa sun nemi ɗaukarsa aiki. Na bi su da amin, don ba a gardama a wurin gaisuwa. Amma ba haka abin yake ba, kuma ba na son a bar shi da yabon da ba nasa ba. Ridwan ya faɗi kwas ɗaya sau biyu a jami'a, ya kuma ƙara shekara guda yana fama da shi bayan abokan karatunsa sun tafi bautar ƙasa. Abin da ya yi a wannan shekarar shi ne nasa, shi kuma nake so in rubuta.

Mu mutanen Rawayau ne. Mahaifinmu malamin allo ne, da ya rasu makarantar ta koma hannun yayana, Malam Sada. Ni aka ba boko. Na karanta ƙididdiga a jami'a, na yi aiki a sashen tsare-tsare a Kurfi har na yi ritaya. 'Ya'yan Malam Sada maza sun bi kasuwanci, babu mai sha'awar zama kan buzu, saboda haka da Ridwan ya kai shekara bakwai sai Malam Sada ya ce in ba shi yaron. A gidansa yaron ya tashi. Da safe ya tafi firamare, sauran yinin yana gaban allo.

Allah ya ba shi kai mai riƙo. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya haddace Alƙur'ani, ya shiga musabaƙa sau uku, ya ciyo ta ƙaramar hukuma sau ɗaya. Wanda bai taɓa zuwa musabaƙa ba, ga yadda take: alƙali zai karanto farkon aya ya yi shiru, ɗan takara ya ɗauka daga nan ya zarce da ka, ba tsayawa ba waiwaye, har a ce masa ya isa. Wanda ya tsaya yana tunani ya yi asarar maki. Wanda ya maƙale a tsakiya ya fita. Shekara da shekaru ana horar da kunnen Ridwan da harshensa a kan haka: ji farko, kawo ƙarshe.

Da wannan kan ya ratsa sakandare ba tare da wahala ba. Da ya ce zai karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a a Dutsin-Ma, na tambaye shi dalili. Ya ce ya ji kwamfuta ba ta yarda da ƙari ko ragi, harafi ɗaya ka kuskure ta ƙi aiki, shi kuma a irin wannan tarbiyya ya tashi. Na ga amsar tana da ma'ana. Malam Sada bai so ba, amma ya ce shekara huɗu ba tsawo gare ta ba.

Shekara biyun farko sun tafi lafiya. Malamai su ba da handawut, wato takardun darasi da ake bugawa, Ridwan ya haddace daga bango zuwa bango, ya je ya juye a jarrabawa. A shekara ta uku ya haɗu da kwas ɗin ƙa'idojin harsunan shirya manhaja.

Sai da na karanta handawut ɗin da kaina kafin na gane abin da kwas ɗin yake nema. Kwamfuta ba ta yin komai sai an rubuta mata umarni layi bayan layi, jerin umarnin nan shi ake kira shiri, kuma harsunan da ake rubuta shi da su suna da yawa. Kwas ɗin ba harshe ɗaya yake koyarwa ba. Dokokin da ke ƙarƙashin harsunan duka yake koyarwa, da inda suka saɓa wa juna. Da Malam Sada ya tambayi Ridwan mene ne wannan karatu da ya gagara, sai ya ce masa, "Baffa, kamar bambancin fiƙihu da usulu ne." A jarrabawa za a ba ka ɗan gajeren shiri, layi goma sha biyu ko sha biyar, a ce ka faɗi lambar da zai fitar in harshen yana bin wannan doka, da wadda zai fitar in yana bin waccan. Ba kwamfuta a gabanka. Kai da takarda ne.

Ya faɗi a aji uku. Ya ce rashin sa'a ne. Ya sake zama a aji huɗu bayan ya haddace handawut ɗin har da lambobin shafi, ya sake faɗuwa. Duk sauran kwasa-kwasansa ya ci, aikin kammalawarsa ma an karɓa. Wannan ɗaya ya tsare masa ƙofa.

Mako biyu da fitowar sakamakon Malam Sada ya zo Kurfi. Muka zauna a zaure mu uku.

"Shekara huɗu ka ce min," in ji shi. "Sun cika."

Na ce, "Yaya, a ƙara mashi guda."

"Idona ya hwara ja baya. Yara sun haura sittin, ni kaɗai nike biya masu." Ya juya wajen Ridwan. "Guda. In ka ci, Allah shi sa albarka, ka tahi inda takardar ta kai ka, ba ni da magana. In ba ka ci ba, buzu na nan yana jira."

Ridwan kansa a ƙasa ya ce, "Na yarda, Baffa. Ko ba ku ce ba, ba zan zauna ta huɗu ba."

Ba ƙin makarantar allo yake ba, ya kamata in faɗi wannan. Abin da yake gudu shi ne ya koma Rawayau bayan shekara biyar hannu rabbana, a ce boko ta kayar da shi.

Ni dai abin ya ɗaure min kai. Yaro ya san kowane layi na handawut, ta yaya yake faɗuwa? Wata rana bayan la'asar na ɗauki wani shiri daga ciki na kwafe shi da hannuna a farar takarda, sai na canja lamba ɗaya a layin kusa da na ƙarshe, biyar ta koma takwas. Na miƙa masa.

Ya kalli layi biyun farko ya ce, "Baba, wannan ai na shafi na sha tara ne."

"To yi."

Na zuba masa ido. Leɓɓansa suka fara motsi, jikinsa yana ɗan rausaya gaba da baya kamar mai tilawa. Kafin in gyara zama ya rubuta amsa. Amsar handawut ce.

Na ce, "Karanta min layin kusa da na ƙarshe."

Ya kawo shi tiryan-tiryan yana kallon bango.

"Ban ce ka kawo da ka ba. Duba takardar."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ajiye biron a hankali, irin ajiyewar wanda yake son ya jefar da abu amma yana gaban mahaifinsa.

"Wallahi idona ya bi ta kansa, Baba."

"Ya bi, amma bai tsaya ba."

Abin da ke kayar da shi ke nan. Malamar kwas ɗin, Dakta Khadijat, tana ɗauko shiri daga handawut ta bar farkonsa yadda yake, ta canja wani abu a ciki. Ridwan yana ganin farkon sai kansa ya ɗauka ya zarce, kamar alƙalin musabaƙa ya ja masa aya. Ba lalaci ba ne, ba kuma rashin fahimta ba. Horon da ya ciyo masa kyauta shi ne yake kai shi ƙasa.

Sanin ciwo daban, magani daban. Na sake gwada shi washegari, yana sane da cewa na canja wani abu, amma ya sake zamewa, wannan karon a wani layin. Ya ce ayoyi masu kama da juna ma sun ba shi wahala a hadda, amma su ƙididdigaggu ne, in ka san su ka san su har abada. "Wannan kuwa kullum sabuwa ake haifowa."

Yana da aboki, Sabitu, ɗan cikin garin Dutsin-Ma, shi ma kwas ɗin ya riƙe shi. Sabitu yana da laftof, yakan zo Kurfi a kan babur ran Asabar su yi karatu a zaurena. Bakinsa ba ya hutawa.

"Alaramma, ita wannan ba a yi mata tilawa. Ko ka ja mata madda shida ba za ta ji tausayinka ba."

"Kai da ba ka yi tilawar ba me ka ci, shugaban 'yan maimaici?"

"Ni faɗuwata ta gaskiya ce, ban karanta ba. Kai ka karanta ka faɗi. Wa ya fi wani asara?"

Laftof ɗin bai taimaka sosai ba. In suka shigar da shiri yakan fitar da amsa nan take, amma ba ya nuna hanyar da ya bi. Hanyar kuwa ita ake tambaya. Kowane shiri yana da gurabe masu suna, kamar x ko y, inda ake ajiye lamba, kuma lambar tana canjawa yayin da shirin yake tafiya. Dakta Khadijat ta ce musu su zama kwamfutar da kansu: su zana akwati ga kowane gurbi, in lamba ta canja su soke tsohuwar su rubuta sabuwa a gefenta.

A nan wata matsalar ta fito. Ridwan ba ya iya soke rubutu. A makarantar allo ba a ja wa rubutu layi a kai, in ka yi kuskure ka jiƙa yatsa ka goge ka gyara. In takardarsa ta cika da soke-soke sai ya ce kamar kaji sun yi tono, ya ɗauki sabuwa ya fara kwafewa da tsabta, wurin kwafewar kuma ya manta inda ya tsaya.

Wata Asabar na fito na iske shi a bakin ƙofar zaure da allo da tawada da buta. Tsohon allonsa ne na Rawayau, wanda ya dawo da shi gida tun da ya shiga jami'a. Sabitu yana karanto masa shiri layi ɗaya ɗaya, ba ya ba shi takardar balle ya ga farko ya zarce. Shi kuma ya rubuta lamba a allo, in ta canja ya tsiyaya ruwa ya wanke, ya rubuta sabuwa. A karon farko tun da muka fara, ya fitar da amsa daidai a shirin da na canja.

Bai gama murna ba babur ya tsaya, Malam Sada ya sauko. Ya yi sallama, muka gaisa, idonsa yana kan allon. Ya san shi, shi ya sa aka sassaƙa shi.

"Mi aka rubuta nan?"

"Lissafin makaranta ne, Baffa."

"Ruwan wankin ina yake tahiya?"

Ridwan ya kalli ƙasa. Ruwan ya bi gangaren daɓe ya shiga kwata.

"Allon da ka yi sauka a kansa," in ji Malam Sada.

"Baffa, babu aya a jikinsa. Ya yi shekaru a wanke."

"Kai ka manta. Itacen bai manta ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya ya ɗauki allon, ya goge shi da gefen rawaninsa, ya sa a hammata. Ko ruwa bai tsaya ya sha ba. Sabitu ya rufe laftof ɗinsa ya ce yana da saƙo a gida.

Ridwan ya yi kwanaki ba ya karatu. Ya ce hanya ɗaya ya samu an toshe, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne Baffansa yana da gaskiya. Ranar Alhamis ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida da ɗauri a bayan babur. Alluna biyar ne sababbi na itacen aduwa, tawada ba ta taɓa hawa kansu ba.

"Malam ya ce a ba ɗan jami'a," in ji mai babur yana danne dariya. "Ya ce waɗannan ba su san komai ba, kamar mai su."

Da allunan nan biyar ya yi sauran shekarar. Kowane sashe na shiri ya ba shi allonsa. Akwai darasin da ya fi ba shi wuya: in babban shiri ya miƙa wa ƙaramin sashe lamba don ya yi aiki da ita, wani harshen kwafi yake bayarwa, wani kuma ainihin gurbin yake miƙawa, kuma amsar ƙarshe takan bambanta. Ya haddace bayanin nan shekara biyu ba tare da ya taɓa ganinsa yana faruwa ba. Wata safiya a tsakar gida mahaifiyarsa, Yahanasu, tana tsinke zogale, ya ɗora mata allo mai lamba bakwai a cinya, ni ma ya miƙo min wani.

"Mama, ke ce babban shiri. Bakwai gare ki. Baba ne ƙaramin sashe."

"Yau kuma ni ce babba a gidan nan? Malam, ka ji da kunnenka," in ji ta tana kallona.

Ya kwafi bakwai ɗin a allona, ya ce in wanke in rubuta tara. Na yi. Ya ce mata, "Nawa ne a naki?"

"Bakwai ɗina na nan."

"To yanzu miƙa masa naki allon."

Ta miƙo, na wanke, na rubuta tara, na mayar mata. Ta duba ta ce, "Ka ɓata min bakwai ɗina. Wannan ai aron tukunya ne, yadda aka dawo maka da ita haka za ka karɓa." Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. "Shi ke nan abin da ya hana ka barci shekara biyu?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. "Shi ke nan, Mama. Shi ke nan fa."

Kada a ɗauka daga nan komai ya warware. Hanyar allo daidai take fitarwa, amma a hankali take tafiya, Ridwan kuwa bai saba da tafiyar hawainiya ba. Wanda yake kawo hizibi guda kafin shayi ya huce, ga shi yana cinye hantsi guda a kan layi goma sha biyu. Ranar da ya gaji sai tsohon halin ya dawo, leɓɓa su fara motsi, amsar handawut ta faɗo. Sau da yawa na ji ƙarar allo ya bugi bango. Sau ɗaya ya ce min da ya san haka ne da gona ya kama a Ɗantutture wurin kawunnansa, ko ba komai gero ba ya canja lamba a layin ƙarshe. Wani lokacin laifin kwas ɗin yake gani: mutum yana iya rubuta shiri ya yi aiki, me ya sa sai ya san abin da wani harshen da ba zai taɓa amfani da shi ba zai yi? Nakan kwafi wani shirin in canja lamba in miƙa masa.

Abokansa suna turo hotuna sanye da kakin bautar ƙasa. Ya daina buɗe su. Ran lakca yakan hau mota zuwa Dutsin-Ma ya zauna a bayan aji tare da yaran da suka shigo jami'a yana aji uku, ya dawo ya shige ɗakinsa.

Da jarrabawa ta matso, sai ya fara shirin rabuwa da allunan, tunda ba a shiga da su. Ya koyi zana ƙananan alluna da fensir a gefen takarda, har da 'yar mariƙarsu a sama, yana gogewa da magogi maimakon ruwa. Ya kuma koyi rufe shirin da tafin hannunsa, yana buɗe layi ɗaya ɗaya.

Ranar jarrabawar ya dawo gab da la'asar. Ina zaune a zaure. Tun daga yadda ya cire takalmi na san babu daɗi.

"Tambaya huɗu aka ce a amsa. Uku na gama. Ina tsakiyar ta huɗu aka karɓe takarda."

"Me ya cinye lokacin?"

"Ta farko." Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. "Na shafi na sha tara ce, Baba. Ina ganin layin farko bakina ya ɗauka. Na ciji fensir, na rufe da hannu, na bi ta layi layi, ina zana allo ina gogewa har takardar ta huje. Kusan rabin lokacin a kanta ya tafi. Ka san me na samu?"

Na ce, "Me ka samu?"

"Amsar handawut. Ba ta canja komai ba. Wannan karon ko ɗigo ba ta canja ba. Da na saki bakina da na gama ta kafin a gama raba takardu." Ya buga bayan kansa a bango a hankali. "Shekara biyu na yarda da kaina na faɗi. Yau na ƙi yarda da shi, na sake faɗuwa."

Na ce masa ba a san faɗuwa ba sai sakamako ya fito, uku da rabi ba kaɗan ba ne. Ya ce wanda ya maƙale a tsakiya ya fita, haka ya sani tun yana yaro. Na ce jami'a ba musabaƙa ba ce. Ya ce ya ji. Sabitu ma ya kira shi a waya ya ce ya bar haukan nan ya jira. Bai jira ba. Ya ce ya yi wa Baffansa alkawari, kuma ya fi son ya tafi da ƙafarsa da a aiko a ɗauke shi. Kafin mako ya zagayo ya haɗa kayansa ya koma Rawayau. Allunan biyar ya bar su jingine a ɗakinsa, da lambobin ƙarshe da ya rubuta a jikinsu.

Malam Sada ya ce ya kama aikin da kyau. Yana biya wa yara karatu da safe da yamma, ba ya duka, amma ba ya fara'a. A tsakiyar damina zazzaɓi ya kama shi. Ya ɗauka na sauro ne, ya sha magani ya ci gaba da zama kan buzu. Da aka kawo shi asibiti jikin ya riga ya yi nisa. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, yana da shekara ashirin da biyar. Allah ya jiƙansa. Ba zan tsawaita a nan ba.

Bayan sadakar arba'in Sabitu ya zo. Ya zauna a bakin zaure, inda suke karatu, ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "Baba, sakamako ya fito. Alaramma ya ci."

Na je Dutsin-Ma da kaina, don ba na son in riƙe magana a kan ji. Na nemi ofishin Dakta Khadijat. Mace ce mai matsakaicin shekaru, ba Bahaushiya ba, amma Hausarta tana fita. Ta yi min gaisuwa, ta ce ta san shi, mai zama a baya wanda ba ya tambaya. Maki arba'in da shida ya samu cikin ɗari, ana cin kwas ɗin da arba'in.

Na tambaye ta ta yaya, alhali bai gama ba.

"Baba, tambaya ta farko ce ta ɗauke shi. Da gangan na bar ta yadda take. Mafi yawan makinta a kan nuna hanya yake, ba a kan amsa ba, kowace shekara ina faɗa musu a aji. Da yawa sun rubuto amsar kawai daga handawut, maki biyu na ba su. Shi ya nuna kowane mataki, ya samu duka." Ta ƙara da cewa, "Takardarsa duk huji. Ya zana alluna ƙanana a gefe. Na gane su, a garinmu ma da irinsu muka yi karatu."

Na yi mata godiya na fito. A mota ina ta juya abin. Rabin lokacin nan da ya tsine wa, wanda ya ɗauka shi ya kayar da shi, shi ne ya fitar da shi. Ya yi makonninsa na ƙarshe a duniya yana ganin kansa faɗaɗɗe, kuma babu hanyar da zan bi in gaya masa. Na san ajali ba ya jiran sakamako, na kuma san ko a Kurfi yake kwanansa ba zai ƙaru ba. Na yarda da wannan. Amma har yau in na tuna sai in ji kamar in kama kafaɗarsa in ce, kai, ka jira mana.

Ba gwanin kwamfuta ba ne. Arba'in da shida ya samu, a zama na uku. Abin da zan iya shaida a kai shi ne, yaro ne da aka hore shi tun yana ɗan shekara bakwai ya ji farko ya kawo ƙarshe, ya yi fice a kan haka, sannan ya zauna shekara guda yana koya wa kansa tsayawa.

Washegari na tafi Rawayau na gaya wa Malam Sada. Yana zaune kan buzun, yara suna karatu kewaye da shi.

"Ya ci ke nan," in ji shi.

"Ya ci, Yaya."

Ya daɗe yana jan carbi. "To da na sake shi. Na ce ba ni da magana." Can ya ce, "Allunan nan suna nan? Akwai yara sabbin shiga, ba su da na rubutu."

Yahanasu ta ba da huɗu, ta riƙe ɗaya. Da na kai su, Malam Sada ya jera su a gabansa yana duban x da y da lambobin da ke jiki, rubutun Ridwan ne, mai tsabta, babu inda aka soke. Wani babban ɗalibinsa ya miƙo hannu zai karɓa ya wanke a bakin rariya. Malam Sada ya hana shi. Ya sa aka kawo ƙwarya, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, ruwan yana taruwa a ciki. Sannan ya tashi, yana lalube da sandarsa, ya kai ƙwaryar gindin bishiyar da ke bayan makaranta, wuri mai tsabta da ba a takawa, ya zuba a can.